Wanda Ya Ci Shi Ke Zama

Kai Hamisu, kife wayar nan, haskenta na kashe mini ido. Tun da aka ɗauke wuta kuke musu a kan gem ɗin da kuke so a ƙera muku, wannan ya ce na yaƙi, wancan ya ce na jirgi. To ku matso ku ji labarin wanda aka ƙera wa nasa. Ke Walida, in kin san tsoro za ki ji, ki shige ɗaki tun yanzu, ba na son a katse ni da kuka.

Kun san layin masu faci da ke bayan tasha. A ƙarshensa akwai wani shago mai shuɗiyar ƙofa, wanda ba kwa ganin yara a bakinsa. Da can gidan gem ne, kuma babu irinsa a garin nan. Mai shi wani saurayi ne, Tasi'u, siriri, marar yawan magana. In dai ya riƙe hannun gem, to sai haƙuri. Ƙwallo ne, dambe ne, tseren mota ne, ba a taɓa ganin wanda ya tashe shi daga benci ba.

Doka biyu ce a shagon. Ta farko, a tuɓe takalmi a ƙofa, don ya shimfiɗa leda. Ta biyu, tunda hannun gem biyu ne kacal, masu jira kuwa sun yi yawa, wanda aka ci ya tashi ya ba na bayansa, wanda ya ci shi ke zama. Tasi'u ne ya kafa ta da bakinsa, kuma ko ɗan gidan wane ne kai, ba a ɗaga maka ƙafa.

In an ɗauke wuta, inji kuma ba mai, samarin ba sa watsewa. Sai su baje a leda, a shiga irin musun nan naku. Mudi, aminin Tasi'u, direban a-daidaita-sahu ne, kuma kullum maganarsa ɗaya ce.

"Wallahi masu ƙera gem ba su san daɗi ba," in ji shi. "Titi sumul, ba rami, ba akuya. A yi mana na a-daidaita ranar kasuwa, ga Hajiya da buhun barkono, ga kwata ta cika ta tumbatsa. Ka kai ta gida ba ta zage ka ba, ka ci."

Wani ya ce shi na damben gargajiya yake so, a naɗe hannu, in makaɗi ya wasa ka ƙarfinka ya ƙaru. Wani ya ce na zuwa zance, ka isa ƙofar gidan budurwa ba ka yi kiciɓis da babanta ba. Wani na farauta da karnuka, wani na satar mangwaro a lambun masifaffen tsoho. A yi ta shewa ana tafawa. Tasi'u dai ba ya sa baki.

Ran nan Mudi ya matsa masa. "Kai fa, sarkin benci? Wane iri za a ƙera maka?"

Tasi'u ya juya hannun gem a cinyarsa, ya ce, "Ni na komawa gida nake so."

Su Tasi'u ba 'yan garin nan ba ne. Mutanen Kwarin Marke ne, wani ƙauye da ruwan dam ya haɗiye tun yana ƙarami. Gidaje, rijiya, masallaci, maƙabarta, duk suna ƙarƙashin ruwa. Innarsa tana cikin maƙabartar, don ta rasu kafin a tashe su. Ba ta bar hoto ko ɗaya ba. Abin da ke cin ransa, wanda bai taɓa gaya wa kowa ba, shi ne ya manta fuskarta.

"Tsere ne," ya ce. "Mutum biyu. A tashi daga bakin rafi da la'asar, a ratsa gonakin gero, a wuce rijiya, a shiga gari. Wanda ya riga shiga zauren gidanmu ya ci. Inna tana tsakar gida tana tuƙa tuwo. In ka shiga sai ta waiwayo."

"Sai me?"

"Shi ke nan. Ta waiwayo."

Ba wanda ya yi dariya. Mudi ya sosa ƙeya, ya ce wannan ai ba gem ba ne, ciwo ne. Aka canja magana. Amma magana in ta fita baki ta fita, kuma ba mutane kaɗai ke da kunne ba.

Ku kuna zaton dare ne kaɗai lokacinsu. Tsakar rana ta fi, sa'ad da inuwar mutum ke shigewa ƙarƙashin ƙafarsa. Wata Juma'a ce. Layin ya yi tsit, masu faci duk sun tafi masallaci. Ba wuta tun safe. Tasi'u ya yi alwala, ya ɗauki kwaɗo zai rufe shago, sai ya ji an ce, "Akwai wasa?"

Ba sallama. Wani dogon mutum ne tsaye a ƙofa, cikin farar riga da ta sha jiki. Ba ka iya cewa yaro ne ko tsoho. Tasi'u bai ji takun zuwansa ba.

"Babu wuta," ya ce. "Kuma salla zan tafi."

"Wasa ɗaya."

Muryar ce ta fara damunsa. Bakin mutumin sai ya gama motsi, ya rufe, sannan maganar ta iso. Baƙon ya tuɓe takalmi, ya jera su a ƙofa yadda doka ta ce. Tasi'u ya kalle su. Duka biyun na ƙafar hagu ne. Ya so ya duba ƙafafun, rigar ta rufe su har ƙasa.

Mai hankali a nan zai yi a'uziyya ya ranta a na kare. Tasi'u ma ya buɗe baki zai yi. Sai talabijin ta kawo haske.

Ba wuta, ba inji, wayarta ma tana ƙasa a zare. Amma ga rafi a allon. Ga marke a gaɓa. Ga dutsen da mata ke wanki a kai, mai tsagi a gefe, inda ya taɓa fasa goshi. Ƙanshin hayaƙin kara da daddawa ya cika shagon. Kwaɗon ya suɓuce daga hannunsa.

"An ce kana nema," in ji baƙon. Ya riga ya zauna a benci, riƙe da hannun gem ɗaya. Manyan yatsunsa biyu sun suɗe, sun yi faɗi, ba farce a jikinsu. Ya miƙo ɗaya hannun. "An kuma ce ba a taɓa cin ka ba. Ni ma haka."

Ladan yana kira. Tasi'u ya ji shi sarai. Ya ce a ransa, tsere ɗaya ne, kafin liman ya hau mumbari na gama. Ya zauna, ya karɓa.

Sai ya ji yashi mai ɗumi a tafin ƙafarsa.

Rana ta yi sanyi, ta karkata. Baƙon yana gefensa, yana gudu yana ɗingishi, ba a jin numfashinsa. Suka faɗa cikin gero, ƙaiƙayi na cin wuyan Tasi'u. A bayansu akwai wani sauti, shaa, shaa. Ya waiga sau ɗaya. Rafin ne ya baro gaɓarsa, yana biyo su a hankali, yana haɗiye kunya bayan kunya. Bai sake waigawa ba.

Suka wuce rijiya, guga na lilo shi kaɗai. Suka shiga gari. Ga tabarmi a shimfiɗe, ga taɓarya a jingine da turmi, amma ba mutum, ba kaza, ba kare. Gida ɗaya ne ke hayaƙi. Baƙon yana gaba har bakin masallaci, a nan sai ya yi tuntuɓe. Daga baya Tasi'u ya yi ta tunawa, babu ko tsakuwa a wurin.

Ya faɗa zaure, ya ɓulla tsakar gida. Ga mace a kan kujera 'yar tsugunno gaban murhu, ta ba shi baya. Ya san zanen. Ya san yadda take karkata kafaɗa in tana tuƙi.

"Inna!"

Ta ajiye muciya. Wuyanta ya fara juyowa. Ya ga kunne. Ya ga gefen kunci.

Sai ya tsinci kansa tsaye a bakin rafi, daidai inda ya faro.

Da ido ɗaya yana ganin rafin, da ɗaya yana ganin shagonsa. Baƙon ya ajiye hannun gem a hankali, ya ja wata doguwar ajiyar zuciya. Ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara kamar busasshen kara.

"An ci ni," ya ce. "Na tashi."

Tasi'u ya yunƙura shi ma. Jikinsa ya ƙi. Yatsunsa sun manne.

"Wanda ya ci shi ke zama. Dokar gidanka ce, ni ban zo da tawa ba."

"Har yaushe?"

"Har a ci ka."

Wannan karon muryar da bakin tare suka tafi. Ya zura takalmansa, ya fita cikin rana. "Har yaushe" ɗin nan, kalmomin nan biyu su ne na ƙarshe da bakin Tasi'u ya furta a shagon.

Mudi ne ya same shi bayan an sauko daga masallaci, zaune a benci, ido buɗe, yana kallon allon da kowa ke gani baƙi ƙirin. Ƙarti suka taru, suka kasa ɗaga shi. Aka kawo malamai, aka yi tofi, aka yi hayaƙi, aka shafa rubutu. Likita ya zo ya auna, ya ce bai ga ciwo ba. Wani mai faci ya kai wa talabijin ɗin guduma, ko tsagewa ba ta yi ba, sai jini ya tsinke daga hancin Tasi'u, aka riƙe hannun mutumin. In an ɗura masa kunu yana haɗiyewa. Yana ji, yana gani, yana jin kukan 'yan'uwansa. Amma rabinsa yana bakin rafi, inda rana ba ta gaba ba ta baya, ƙanshin girki na zuwa masa daga nesa, ƙafarsa ba ta ɗaguwa sai an sami abokin tsere.

Mudi ne ya fara ɗaukar ɗaya hannun, don kawai ya rasa abin yi. Sai ga shi a yashi, baki buɗe, ga Tasi'u a gefensa da baki da murya.

Ba zan ɓoye muku ba, Tasi'u ya yi niyya. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya ce, "Biyo ni, ga hanya." Ya kai shi cikin gero, ya kai shi rijiya, ya nuna masa gidan da ke hayaƙi, ya rage gudu. Mudi ya wuce gaba yana haki yana dariya.

"Kai! In na ba Zinatu labarin nan ba za ta yarda ba!"

Zinatu matarsa ce, cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe. Kunya ta kama Tasi'u, irin wadda mutum ke so ƙasa ta tsage. Ya cafko rigar Mudi ta baya.

"Kada ka shiga. Wanda ya ci shi ke zama. Ka gaya musu kada kowa ya ƙara taɓa hannun nan."

"To mu tsaya mana, mu biyu!"

"Dubi bayanka."

Ruwa ya kawo bakin masallaci. Tasi'u ya shige zaure. Mudi ya farka a leda, ya yi wurgi da hannun gem, ya faɗi duk abin da ya gani.

Cikin masu saurare akwai mahaifin Tasi'u, Malam Ilu mai faskare. Tsohon nan ƙafarsa ba ta taɓa taka shagon ba sai da abin ya faru. Cewa yake wasan banza ne, sana'ar marasa zuciya, har ya daina cin abinci tare da ɗansa saboda shi. Ya bari mutane suka watse, ya ja Mudi gefe.

"Ka ce wanda ya ci shi ke zama?"

"Haka ne, Baba."

"Wanda aka ci ya tashi ya tafi gida?"

"Haka ne."

"To koya mini."

Mudi ya yi magiya, ya yi kuka, tsoho ya kafe. Dole ya riƙa kai shi wani gidan gem a ƙetaren titi. Ku ƙiyasta, dattijo da farin gemu a tsakiyar yara, yatsun da gatari ya kangarar suna lalube a kan 'yan maɓallai, ana ƙunshe dariya. Bai kula ba. Da ya ga ya iya gaba da baya, ya zo shagon ɗansa, ya tuɓe takalmi, ya yi bisimilla, ya ɗauki hannu na biyu.

Da Tasi'u ya ga wanda ke tsaye a gefensa, sai ya hau roƙo.

"Baba, don Allah ka ajiye."

"Kai, rufe mini baki. Tsaya in wuce."

"Ba zan tsaya ba."

"Umarni nake ba ka."

"Ka yafe mini."

Tun da aka haife shi bai taɓa ce wa mahaifinsa a'a ba sai ranar. Ya zura da gudu, ya bar tsoho yana karo da karan gero. Washegari Malam Ilu ya dawo. Jibi ma haka. Yana faɗuwa, yana tashi, yana magana a guje.

"Ni na ci zamanina. Kai ko aure ba ka yi ba. Bar ni da bakin rafin, ƙanshin girkin innarka ya ishe ni."

"Ba ta waiwayowa, Baba. Ana zuwa gefen kunci ake komawa."

"Na sani. Da ranta ma in ta yi fushi haka take yi mini."

Damina ta zo ta wuce. Yatsun tsoho suka saba. Ya daina karo, ya daina faɗuwa, har ya kai Tasi'u na jin takunsa a bayansa. Duk da haka hankalin Tasi'u a kwance yake, don ƙafar saurayi ba ɗaya take da ta tsoho ba. Abin da ya manta shi ne, shi yarinta kawai ya yi a Kwarin Marke, mahaifinsa kuwa a nan ya yi samartaka.

Ran nan suna fita daga gero ya daina jin takun. Ya wuce rijiya, ya waiga, ba kowa. Ya ɗauka tsoho ya gaji. Yana shan kwanar masallaci sai ya hango shi. Ashe akwai ɓarauniyar hanya ta bayan maƙera, inda darni ya ɓalle, wadda Malam Ilu ke bi tun yana zuwa zance. Ga shi nan a gaban gida, ya tattare riga, taku kaɗan ya rage masa.

Tasi'u bai taɓa gudu irin na ranar ba. Ya iske tsoho ya ɗaga ƙafa zai sa a zaure. Ba lokacin roƙo. Ya sa kafaɗa ya bangaje mahaifinsa.

Malam Ilu ya kife. Bakinsa ya bugi dokin ƙofa, hularsa ta gangara cikin ƙura. Ya faɗi a gicciye, ya tare hanya, ga ruwa ya shigo lungun. Tasi'u ya tsallake shi. Ɗa ya tsallake ubansa yana kwance a ƙasa. Ya shiga tsakar gida, ranar ko kallon matar da ke gaban murhu bai yi ba, baya yake kallo har aka mayar da shi rafi.

A shago kuwa, Mudi ya ga leɓen tsoho ya fashe, ba wanda ya taɓa shi. Malam Ilu ya sa hannun riga ya goge jinin. Ya juya ga ɗansa.

"Tasi'u," ya ce.

Tasi'u ɗan fari ne. Saboda kunyar ɗan fari, bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifinsa ba, daga "kai" sai "yaron nan".

"Tasi'u, ka ture ni."

Hawaye suka zubo daga idanun nan da ba sa ƙiftawa, suka gangara har wuya. Yana son ya ce ka yafe mini, bakin ba nasa ba ne. Tsoho ya share masa fuska da tafin hannu.

"Allah ya yi maka albarka," ya ce. "Gobe ma zan zo."

Ya kuwa zo, kuma har yau yana zuwa. Amma wannan ita ce damarsa, ta wuce. Yanzu Tasi'u ya san hanyar maƙera. Hannun tsoho ya fara rawa, idonsa ya yi hazo. Mudi ya ce tsoho ya gaya masa sun ma daina gudu. Tafiya suke yi tare daga rafi zuwa rijiya, suna 'yar hira, har ruwa ya taɓa musu dunduniya, sannan Tasi'u ya ce, "Baba, sai gobe," ya ruga ya shige. An ce wa tsohon ya haƙura haka nan, ya ce a can ne kaɗai yake jin muryar ɗansa. Tasi'u kuwa ya san ranar da tsohon nan ya kwanta dama, babu mai sake ɗaukar hannu na biyu. Daga ranar sai tsayuwa a bakin rafi, ko gefen kuncin ma ya daina gani. Ya sani, kuma kullum shi ke ci.

Saboda haka kada in ji ɗayanku ya bi layin masu faci shi kaɗai da tsakar rana. In baƙo ya tare ku ya ce akwai wasa, ku dubi takalmansa kafin ku dubi abin da ke hannunsa. In kuma kun gamu da wani tsoho yana fitowa daga shuɗiyar ƙofa da kwanon kunu, ku durƙusa ku gaishe shi, ku ba shi hanya. Kada wanda ya tambaye shi wa ya ci.